Takalmi a Bakin Rami

Ni ba neman arziki ne ya fitar da ni ba, kada wani ya sa ni a sahun masu zinariya. Mutum na tafi nema. Sunana Isiya, ɗan Garin Baushe, wani ɗan ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar wanda in ka ce wa ɗan acaba ya kai ka yanzu, sai ya dube ka ya ce, "Malam, ai babu kowa a can." Ƙarya yake yi, amma bai yi nisa da gaskiya ba.

Garinmu ba annoba ce ta cinye shi ba, ba kuma yaƙi ba. Kwalta ce. Da aka zo shimfiɗa titi sai aka bi da shi ta gabas, aka bar mu cikin yashi kamar an manta buta a bayan gida. A bakin titin aka haƙa burtsatse, a can ake samun motar Gumel, a can ake tare tirelolin da ke zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis. Ɗan dako ya ga in ya kwana a bakin kwalta zai riga kowa samun lodi, sai ya kafa rumfa. Rumfa ta zama ɗaki, ɗaki ya jawo mata da 'ya'ya. Gonakin da muke aro can wajen Gagarawa suka koma hannun masu manyan injina, rijiyarmu kuma ta fara ja da baya, ka zura guga ya dawo maka da laka. Sai aka shiga cire ƙyaure da azara ana ɗorawa a amalanke, yau gidan wane, gobe gidan wane. Ni ma na kai matata Maimuna da yara can, na yi musu ɗaki.

Inna ce ta ƙi tashi.

A wajenmu akwai abin da muka gada: gida ba ya tashi da matafiyi a waje. In namiji ya fita ci-rani, ba a sauya masa ƙofa sai ya dawo ya shigo ta inda ya fita, ko kuwa a samu wanda ya ga gawarsa da idonsa. Mutane da yawa sun daɗe da watsar da wannan, amma ban da Inna. Yayana Auwalu yana cikin masu loda shanu a Maigatari. Da aka rufe boda motoci suka tsaya, aiki ya mutu, sai ya bi samari suka yi arewa, can bayan Agadas inda aka ce ana haƙo zinariya. Da fari mukan ji muryarsa a wayar wani, sama-sama, iska tana cinye rabin maganar. Daga baya shiru kake ji.

"Inna, rijiyar nan fa ta mutu," na ce mata.

"Allah ya ji ƙanta."

"Ki zo mu koma bakin titi. Ga ruwa, ga mai magani kusa, ga jikokinki."

"Ɗan'uwanka ta ƙofar nan ya fita." Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. "In ya zo ya tarar da kufai, wa zai ce masa ga inda muka yi?"

"Haba Inna, duk wanda ya tambaya ai zai nuna masa."

"Wa zai tambaya? Kurciya?"

Ni mutum ne mai saurin hawa, kowa ya sani, amma ba a hawa a gaban Inna. Tsohuwa ce mai ciwon ƙafa, gidaje biyu kaɗai suka rage kusa da ita, su ma sun fara kwance danga. In aka watse aka bar ta, ko ƙishirwa ko maciji, ɗaya zai riga ni zuwa. Saboda haka na ƙudura a raina: ko in kawo mata ɗanta, ko in kawo mata tabbacin mutuwarsa. Ko wanne na samo zai ɗaga ta daga wurin nan.

Bari in tsallake zancen jandarmomin hanya, don in na fara sai na yi zagi. Mutum ne kamar ni, Hausa a bakinsa kamar tawa, amma ya miƙo hannu ya ce "kart", ka ba shi katin ya yi ta juya shi sama da ƙasa, ashe ba katin yake nufi ba. A Damagaram na fara sanin tafiyar nan ba irin wadda na saba ba ce. Na sauka a tasha da hantsi, na nufi teburin wani mai shayi, ban ko gama sallama ba ya ɗago ya washe baki.

"A'a! Mai kallon kudu! Har ka dawo?"

Na waiga, babu kowa a bayana.

"Kai nake nufi mana. Ba kai ne ka yi ta sauke albasa a nan kana haɗa na mota ba? In ka gama ka zauna a bencin can, ka juya wa kowa baya kana kallon hanyar gida?" Sai ya matso ya ƙura mini ido, murmushin ya ɗan ragu. "Amma fa ka ƙara yarinta."

Tun muna yara ake cewa ina kama da Yaya Auwalu, ban taɓa ɗaukar abin da nauyi ba sai ranar. Na ce masa ƙanensa ne ni. Ya haɗa mini shayi, ya yanko burodin nan nasu dogo mai tauri, ya ƙi karɓar ko sisi. Da zan zauna sai ya yi wuf ya jawo mini wani benci daban, ya ce kada in zauna a wancan. Na tambaye shi dalili, ya ce babu komai, shi dai bai so ba ne.

Daga nan muka hau wata babbar mota, su kamiyo suke ce mata, muka zauna a kan buhunan gero muka yi arewa. Da ina tsammanin ciwon garinmu namu ne mu kaɗai. Ina! Bayan Tanut ƙauyuka muka dinga wucewa, ka ga rumbuna babu jinka, ka ga an toshe ƙofa da ƙaya, in ka hango abu mai motsi to ko tsohuwa ce ko akuya. A ɗaya daga cikinsu motar ta mutu, rana tsaka. Direba ya shige ƙarƙashi da sifana, mu kuma muka bazu neman inuwa. Garin tsit, irin shirun da har kana jin kunnenka yana ƙara. Babu kukan jariri, babu daka, ko zakara babu.

Sai muka ji kiran salla.

Wallahi sai da kowa ya dubi ɗan'uwansa. Muka bi muryar har wani ɗan masallacin ƙasa, muka tarar da dattijo guda, siriri, ya toshe kunne da yatsa yana kiran azahar da iyakar ƙarfinsa, sai ka ce garin cike yake. Da ya juyo ya gan mu bai nuna mamaki ba, ya ce, "Ku yi taimama, ruwan na sha ne." Muka yi sahu a bayansa. Da aka sallame ya daɗe yana kallonmu, har da taɓa kafaɗar na kusa da shi.

"Yau dai na juyo na ga mutane," in ji shi.

Na ce, "Baba, da su wa kake salla kullum?"

"Ni kaɗai. 'Ya'yan suna Libiya, jikokin suna wajen zinariya, matan sun bi titi." Ya dubi tabarmar. "Amma wani lokaci da magariba, in na kai ƙarshen Fatiha, ina jin amin a bayana. Sahu guda cur, har da muryar ƙanena."

"Ba ka waiwayawa?"

"Ana waiwaye a salla, yaro? In na sallame kuma tabarma ce kawai."

Ya shiga ɗaki ya fito da busasshen dabino a ƙwarya ya rarraba mana, ya rako mu har mota. Da muka tashi ina hango shi tsaye a tsakiyar hanya, sai Inna ta faɗo mini a rai.

A Agadas aka yi mini sakiyar da babu ruwa. Ina yawo tasha-tasha ina nuna hoton Yaya a wayata, sai wani ɗan kamasho mai farin rawani da carbi har gwiwa ya karɓa ya duba, ya bugi ƙirji. "Wannan? Ɗan Gumel? Ai jiya ma tare muka ci abinci!" Ni kuwa sakarai, har da hawaye. Ya ja ni lungu-lungu har ƙofar wani gidan jar ƙasa, ya ce masu gidan ba sa son baƙon ido, in ba shi wayar ya shiga ya nuna, ya fito mini da ɗan'uwana. Na tsaya. Inuwar bango ta tashi daga ƙafata ta koma ɗaya gefen ina nan tsaye. Da na gaji na tura ƙyauren, ashe ba gida ba ne, bango ne kawai da ƙofa, bayansa fili da wata hanya. Allah ya isa! Har yau in na tuna carbin nan sai raina ya ɓaci. Ba wayar ce ta fi ƙona mini rai ba. Hoton ke nan guda da muke da shi, kuma lambar Maimuna a ciki take, ban haddace ba. Daga ranar in zan tambayi mutum sai in nuna fuskata in ce, "Ka ga mai irin wannan?"

Guzuri ya ƙare, na shiga aikin ɗinka wa jarkoki rigar buhu, wadda masu ratsa sahara ke jiƙawa don ruwa ya yi sanyi. Wata mai tuwo a bakin tasha, 'yar Matamaye, ta lura kullum gaya nake saye, sai ta riƙa zuba mini miyar kuka tana cewa ta kwana ce, da ma zubarwa za ta yi, alhali miyar tururi take. Ranar farko da ƙamshin daddawar ya bugi hancina, juya wa mutane baya na yi na ci, don kada a ga ƙato yana kuka a kan tuwo. Kewar gida ba ta sallama, a kwanon miya ma sai ta same ka. Matar nan ce kuma ta haɗa ni da wani direba Buzu mai kai ruwa da gari wurin masu haƙa, ta ce masa ni ɗan ƙanwarta ne. Ko sunanta na gaskiya ban sani ba, Hajiya kawai ake ce mata.

Aka jera mu a bayan mota, kowa ya zuro ƙafafu waje ya rungume sandar da aka kafa tsakanin cinyoyinsa. Kafin mu tashi direban ya ce mana abu ɗaya da 'yar Hausarsa: "In kun ga mutum tsaye, kar ku gaishe shi." Muka yi dariya. Daga nan sai yashi, sai dutse, sai yashi, wani wuri ka ga mushen mota ya nutse rabi. Rannan da rana ta take, na hango mutum tsaye can nesa a hannun dama, dogo, da farar riga, ya ɗaga jarka sama. Na shiga dukan kan mota ina ihu a tsaya, ga bawan Allah ƙishirwa za ta kashe shi. Direba ya ƙara wuta. Na zage shi tas, har kakanninsa ban bari ba. Wani dattijo da ke kusa da ni ya riƙe mini hannu.

"Rufe bakinka ka adana yawunka. Tun ina bin hanyar nan zuwa Aljeriya da baƙin gemu yake tsaye a wurin."

Wasu a motar suka ce itace ne aka sa wa riga don alamar hanya. Mai yiwuwa. Ni dai na ga jarkar ta sauka bayan mun wuce.

Wurin zinariyar gari ne guda, amma babu ginin ƙasa, babu bishiya, babu kukan yaro. Buhu ne da tamfol da duwatsu, janareto na ruri ta ko'ina, ƙasa duk ramuka. Na tambayi 'yan Najeriya aka nuna mini yamma, na tambayi 'yan ƙasar Gumel aka ce in ƙara gaba. Can wani mai sayar da ruwa ya ce, "Garin Baushe? Sha kwanar nan, ka shiga ke nan."

Na sha kwana, sai na tsaya cak.

Ban san yadda zan faɗa a gane ba. Garinmu ne. An kafa wani dogon ƙarfe an ɗaura masa buhu a ka, daidai inda bishiyar baushen garinmu take a ƙofar gari. Hagu da shi an jera duwatsu an yi masallaci. Bayan masallaci tantin mahauci, kamar yadda gidan mahauta yake a gida, sannan ɗan lungun nan da muke bi zuwa rijiya, har lanƙwasarsa ba a bari ba, a ƙarshensa kuma tankin ruwa. Ban tambayi kowa hanya ba, ƙafata ce ta ɗauke ni. Ga mutanen da aka ce mini suna Kano, ga waɗanda aka ce suna Legas, ga Ɗanlami abokina da muka yi kiwon awaki tare, duk sun yi fari fat da garin dutse, idanu jajur.

Da suka gan ni hira ta mutu. Wani ya saki kwanon da ke hannunsa. Ɗanlami ya yi ta ja da baya yana a'uziyya har ya taka murhu. Sai Kawu Sale, maƙwabcinmu na jikin katanga, ya taso a hankali ya kama hannuna ya matsa, sannan ya juya ya ce, "Ku natsu. Isiya ne, ƙanen."

Na ce, "Kawu, wa ya tsara muku wannan?"

"Babu wanda ya tsara. Duk wanda ya zo sai ya kafa tantinsa kusa da maƙwabcinsa na gida. Farga kawai muka yi muka ga abin da ya zama."

Jikin tantin Kawu, inda gidanmu ya kamata ya kasance, akwai wani tanti a rufe, an danne bakinsa da dutse. Ban tambaya ba, shi ma bai bari na tambaya ba. Ya ba ni ruwa, ya jira na sha, sannan ya ce in zo in gani.

A hanya ya yi mini bayanin yadda suke aiki. Ramukan nan zurfi gare su, da igiya ake zura mutum, kuma ba a shiga da takalmi, don da yatsun ƙafa ake kama 'yan matakan da aka sassaƙa a jikin bango. Kowa yakan tuɓe nasa ya ajiye a bakin rami, hancinsa na kallon ciki. Da haka ake sanin wanda ke ƙasa. Muddin akwai takalmi a baki, ba a sa nakiya, ba a janye igiya, ba a tashi. Kuma ba mai taɓa na wani ko da wasa, sai mai shi ya fito ya sa abinsa.

"Ranar da ramin ya rufta," in ji Kawu, "takalman mutum uku ne a baki. Muka tona da shebur da hannu, muka fito da biyu, muka yi musu sutura. Na ukun, yayanka, muka yi ta tono har muka kai dutsen da ba ya fasuwa. Ko hularsa ba mu samu ba."

"To ai shi ke nan, Kawu. Ya rasu." Ina faɗa, can wani gefe na zuciyata ya ce, ga abin da za ka kai wa Inna.

Kawu ya girgiza kai. "Ba wanda ya ga shigarsa. Ranar ba ma layinsa ba ne, tari yake fama da shi. Kuma bari ka ji. In mutum ya gaji da mai rami, yana so ya gudu kada a bi shi, takalminsa yake ajiyewa a baki. Kafin a gane ba ya ciki ya yi nisa. An sha yi. Wani lokaci bayan faruwar abin, wani direba ya rantse ya gan shi a Aljeriya yana aikin gini, ya ƙwala masa kira bai juyo ba. Limaminmu kuma ya ce shi ba zai sallaci takalmi ba."

Na ce to me ya hana su aiko mana, ko da wannan ɗin ne? Ga wayar masu rami nan, ana biya a kira ko'ina. A lokacin duk sun taru a bayanmu. Ɗanlami ne ya yi magana, kansa a ƙasa.

"In aka ce ya mutu, Inna za ta tashi. In ta tashi kuwa babu Garin Baushe. Mu nan in an tambaye mu daga ina, muna da abin faɗa. Muna cewa har yanzu akwai hayaƙi a garinmu."

Kai! Ranar na hau. Na ce amma ku an yi marasa kunya. Kun kwashe ƙafafunku kun zo kuna wasan gari da buhu, kun bar tsohuwa mai ciwon ƙafa tana yi muku gadin kufai, tana shan laka, don ku ji daɗin baki? Mai son hayaƙi ya koma ya hura da kansa mana! Na faɗi abin da ya fi haka, har Kawu ban ƙyale ba. Da ma sun rama, da ya fi mini sauƙi.

Ramin yana can gefe, an zagaye shi da duwatsu, ba mai haƙa kusa da shi. Ya cike, sai wata 'yar tsaga da hannu ba zai shiga ba. Ga su nan a baki: takalman taya, irin waɗanda ake yankawa a kasuwar Maigatari, rana ta gasa su har sun fara lanƙwashewa. Na san su. Diddigen hagu ya fi cinyewa, don haka Yaya yake jan ƙafa. Iskar wurin nan tana ɗauke tanti sukutum, amma su suna nan a jere, ko yashi bai hau su ba. Na tambaya wa yake share su, kowa ya ce ba shi ba.

Na durƙusa na sa bakina a tsagar na ce, "Yaya!" Rana tana dukan ƙeyata, amma iskar da ta fito ta bugi fuskata sanyi gare ta kamar ta bakin randa. Na sake kira. Can ƙasa wani abu ya motsa, yashi ne ke zuba ko me, sai kuma wani ɗan sauti guda, gajere, irin na mai gyaran murya. Kawu ya ce haka tsofaffin ramuka suke yi in rana ta yi zafi, dutse ne ke saki. Na ce na ji. Amma shi ma sai da ya ja da baya.

Babu na komawa a aljihuna, dole na zauna na yi musu jan igiya. Ciki kam ban shiga ba, ko da za a ba ni zinariyar duka. Suka ce in kwana a tantin Yaya, na ce a kai kasuwa, na shimfiɗa buhu a wajen Kawu. Abin da ya fi damuna shi ne salla. In an tayar, sai su bar gurbi a sahun gaba, daidai inda Yaya yake tsayawa, su yi ta matsawa har in samu kaina a ciki. Wani ya zo wucewa ya ce, "Sannu Auwalu," sai ya kama baki. Tun ina gyara musu har na gaji, rannan na ji kaina na amsa. A ranar na ce tafiya ta kama ni.

Da safen da zan tashi na koma bakin ramin, suka biyo ni. Na miƙa hannu na ɗauki takalman, mutane suka ɗauki salati gaba ɗaya.

"Isiya, in ka ɗauke, ka ce ya fito ke nan," in ji Kawu.

"Ya fito ko bai fito ba, ni dai in samu abin da zan ajiye a gaban Inna."

Duk da zagin da na yi musu, sai da suka haɗa mini ƙullin sukari da ganyen shayi in kai mata. Ɗanlami ya rako ni har mota, ya yi ta kame-kame, can ya ce, "Baushen yana nan kuwa?" Na ce yana nan. Ya ce to madalla, ya juya da sauri.

Dawowa ba ta da abin faɗa, sai dai duk tsawon hanyar magana ɗaya nake bita: rami ya rufta da shi, an yi masa sutura, sai haƙuri. Na maimaita ta a sahara, na maimaita ta a Agadas, har ta zauna a bakina daram. A bakin titi na fara sauka. Maimuna ta ga yadda na koma ta fashe da kuka, sannan ta gaya mini gidaje biyun nan ma sun taso, ita ce take aika wa Inna ruwa in an samu mai zuwa. Ɗan acaban da ya ɗauke ni ya tsaya a gonar ƙarshe ya ce iyakarsa ke nan, shi ba ya shiga.

Na ƙarasa da ƙafa. Bangaye babu rufi, ciyawa a cikin masallaci, sawun ƙadangaru a kan hanya. Na tarar da ita a zaure tana tsintar wake a faifai, ƙafar a miƙe ta kumbura. Ta amsa gaisuwata kamar daga gona na dawo. Ta leƙa bayana, ta ga babu kowa, ta ci gaba da tsinta.

Na kwance ƙullin na ajiye takalman a gabanta. "Inna, sai haƙuri. Rami ya rufta da shi."

Ta daɗe tana kallonsu. "Kai ka wanke shi?"

"A'a, kafin in je ne."

"Wa ya wanke shi?"

Na iya zagin direba, na iya zagin gari guda, amma ban iya yi wa Inna ƙarya tana kallon tsakiyar idona ba. Na ce ba a same shi ba.

"Wa ya ga shigarsa?"

Na ce babu wanda ya gani.

"Duk tafiyar nan da ka yi, takalmi ka samo." Ta jawo su, ta shafa diddigen hagun da babban yatsa. "Wanda ya bar takalminsa ai bai yi nisa ba."

Na yi magiya, na yi fushi, na ɗauko mata liman daga bakin titi ya yi mata nasiha, ta saurare shi tsaf, ta ba shi goro. Da ragowar ruwan shanta ta wanke takalman, ta shafa musu man gyaɗa, ta jera su a ƙofar ɗakin Yaya. Baƙin ciki kamar ya kashe ni. Na ratsa sahara don in kawo abin da zai tashe ta, na kawo abin da ya ƙara zaunar da ita.

Ba zan ɗauke ta da ƙarfi ba, ba kuma zan bar ta ita kaɗai ba, saboda haka na dawo ɗakina na da. Na samu wani tsohon babur, da safe in je bakin titi in ga yara, in ɗan yi acaba zuwa Sule Tankarkar in ranar kasuwa ce, in ɗauro jarkokin ruwa in dawo kafin la'asar. Maimuna takan ce in zaɓi gari ɗaya. A da, da wasa take faɗa, yanzu ta daina dariya in ta faɗa. Takalman kuwa, tun ranar ban sake ganin Inna ta taɓa su ba, amma wata safiyar hancinsu na kallon ɗaki, wata safiyar na kallon waje. Na daina dubawa.

Kwanan baya wani Bafulatani ya ratso da shanunsa da rana, ya tsaya a ƙofar zaure ya roƙi ruwa. Yana sha yana ɗaga kai yana duban bangayen nan, can ya ce, "Ikon Allah. Ku nawa kuka rage a garin nan?"

Inna tana zaune a gefe, amma ban jira ta ba.

"Mu uku ne," na ce masa, na karɓi kwanon.